Barakatu da Gonar Maman Ikenna

A unguwarsu da ke bayan tasha a Daura, ba kowa ya san sunanta na yanka ba. Malama Mai Ɗigo ake ce mata, yara da manya. Sunanta Barakatu. Shekara ashirin da shida ta yi tana bin gida-gida da akwatin ƙanƙara rataye a kafaɗa, tana ɗiga wa yara maganin rigakafin shan inna, ta shafa musu tawada a ƙaramin yatsa, ta yi alama da alli a jikin bango, ta wuce gida na gaba.

An haife ta a wani ƙauye da ke gefen Dutsi, gidan manoman gero da wake. Ita ce babba a ɗakinsu, ƙanne bakwai ta goya. Tun tana yarinya ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce. In ta shiga maƙwabta ta tarar wuta ta yi wa tukunya yawa, sai ta janye itace tukuna, sannan ta gaida mutanen gidan. In ta ga akuyar wani a sake, ita za ta kamo ta ɗaure, wani lokaci ma mai akuyar ne da kansa ya sake ta don ta ɗan yi kiwo. Mahaifinta ya bar ta ta yi boko har ta gama sakandare, daga nan ta yi karatun kiwon lafiya na shekara biyu. Ta auri Malam Yazid, malamin gona, ya kawo ta Daura, suka haifi 'ya'ya huɗu.

Aikin rigakafi ya zo daidai da halinta, domin aiki ne da ba a kiran mai yinsa. Kai za ka je ka yi sallama, a amsa maka ko a yi shiru. An sha rufe mata ƙofa. A wani ƙauye ta wajen Baure, wani magidanci ya rantse ba za ta taɓa masa 'ya'ya ba. Ba ta yi gardama da shi ba. Ta nemi gindin wata dalbejiya da ke kallon ƙofar gidan ta zauna, ta lulluɓe akwatinta da zane don kada ƙanƙarar ta narke, tun hantsi har la'asar. Da kakar yaran ta gaji da ganinta, sai ta fito da su ɗaya bayan ɗaya, ta kuma kawo mata fura. Wata rana kuma ta tarar da wata mata kwana biyu tana naƙuda, mutanen gida suna cewa a ƙara haƙuri. Barakatu ta fita titi ta tsayar da motar ɗaukar hatsi, ta sa aka ɗauki matar, mutanen gidan suna yi wa ita Barakatun tsawa. Matar ta rayu, jaririn ma ya rayu.

Daga irin waɗannan ranaku ta ɗauko abin da ta yarda da shi har cikin ranta: sau da yawa mutum ba ya sanin yana buƙatar taimako sai bayan an yi masa, kuma "a'a" ta farko ba amsa ba ce, kunya ce ko tsoro.

Gwiwoyinta ne suka sa ta ajiye aiki. Ta koma zaman gida, abin da ba ta taɓa iyawa ba. Malam Yazid ya riga ta yin ritaya, amma shi yana da gonarsa a kan hanyar Mai'adua, tun safe yake hawa babur ɗinsa, sai la'asar. 'Ya'ya duk sun watse. Da babbar 'yarta Firdausi, wadda ke aikin jinya a Katsina, ta zo hutun ƙaramar Salla, ta tarar uwar ta sauya wa kayan madafa wuri sau uku a wata ɗaya, ta kuma ɓata da maƙwabciya a kan tarin wani yaro da ta ce lallai a kai shi asibiti.

Firdausi ta ce, "Umma, hannunki ne ke neman aiki. Kawo wayarki."

Ta saka mata wani wasa na noma. Ana ba ka fili a fuskar waya, ka yi shuka da yatsa, ka yi ban ruwa, ka cire ciyawa, ka girbe, ka kiwata kaji da shanu. Barakatu ta kalla ta yi dariya, ta ce wace irin masara ce ke nuna a minti biyar, lallai wanda ya ƙirƙiro abin nan bai taɓa riƙe hauya ba. Amma kafin Firdausi ta koma Katsina, uwar ta gina rumbu biyu, tana kuma ƙorafin caji ba ya daɗewa.

A wasan, 'yan wasa kan haɗu rukuni-rukuni, kowane rukuni kamar ƙauye guda. Firdausi ta sa ta cikin wani rukuni na mutanen yankin, su wajen talatin, akwai tela, akwai malaman makaranta, akwai matan aure. Shugabansu Kalilu ne, wani mutum ɗan shekara arba'in da ke fataucin tumaki tsakanin Kongolam da kasuwar Mai'adua, wanda ke wasan a bayan mota in hanya ta yi tsawo. Suna da zaure a Wasap inda suke hira da saƙon murya. Yawancinsu ba su san fuskar juna ba, sunan gona kawai suka sani.

Abin da ya fi yi wa Barakatu daɗi shi ne ana iya shiga gonar maƙwabci. In ka ga tasa ta yi ciyawa ka cire masa, in amfaninsa ya nuna ka girbe ka zuba masa a rumbu, in kajinsa na jin yunwa ka watsa musu tsaba. Ranar da ta gano haka ta ce wa mijinta, "Malam, ashe har gayya ake yi a ciki." Daga nan ta samu aikin safe. In ta yi shara ta ɗora koko, sai ta zauna a kan tabarma ta miƙe ƙafafu, ta zaga gonakin rukunin ɗaya bayan ɗaya kamar yadda take zaga unguwanni a da. Mutane suka yi ta godiya a zaure. Wani tela ya ce tun da Malama ta shigo bai ƙara ganin ciyawa a gonarsa ba.

Akwai gona ɗaya da ta tsaya mata a rai. Sunanta Shago. Kullum a hargitse take. Layukan shukar a karkace, a girbe rabin fili a bar rabi, kaji a tsaye da alamar yunwa a kansu. Kuma ba wai mai ita ba ya zuwa ba ne, wasan yana nuna yana shigowa kullum, yana daɗewa ma. Sai dai in ya yi awa guda ya fita, abin da ya yi bai kai abin da Barakatu za ta yi kafin koko ya tafasa ba. Mai gonar bai taɓa magana a zaure ba.

Ta fara da kajin. Washegari ta cire ciyawa. Rana ta uku ta girbe rabin da aka bari, ta zuba a rumbu. Daga nan ta mai da gonar Shago ta farko a zagayenta, tun kafin ta duba tata. In mai ita ya shigo da hantsi, sai ya tarar komai tsaf, ba abin da ya rage sai kallo.

A rana ta tara saƙo ya zo mata a cikin wasan, kalma huɗu: "Na gode. Ki bari."

Barakatu ta karanta ta yi murmushi. Ta san irin wannan. Haka baƙo ke cewa ya ƙoshi, alhali tun safe bai ci komai ba. Ta mayar da amsa cewa ba komai, ai zaman tare ne, ta ci gaba da abin da take yi. Bayan kwana uku kuma ta ga ya kamata ta ƙara da nasiha, tun da gyara kullum ba koyarwa ba ne. Ta danna ta aika saƙon murya a zauren kowa da kowa.

Ta ce, "Mai gonar Shago, ban san ka ba, amma ɗa na kowa ne. Gona ba ta son lalaci, ko ta waya ce. In ka shigo ka fara da kaji, sannan girbi, kada ka bar aiki rabi. In kuma ba ka da lokaci ka faɗa mini, ni zan riƙe maka."

Mutum biyu suka sa alamar dariya. Sauran suka yi shiru. Da safe da ta je shiga gonar Shago, ta tarar an rufe ƙofa, domin wasan ya ba mutum damar hana maƙwabta shigowa. Kafin azahar sunan ya ɓace daga rukunin gaba ɗaya.

Abin ya ɓata mata rai. Da la'asar ta ba Malam Yazid labari yana wanke ƙafa, ta ce mutanen yanzu ba su san alheri ba. Ya saurara har ta gama. Shi mutum ne da ba ya gaggawar magana.

Ya ce, "Ke kika ce mini gayya ake yi a ciki."

"Gayya ce mana."

"To ni a iya sanina, gayya mai gona ne ke kira. Ban taɓa ganin an wayi gari mutane sun shiga gonar wani sun nome ba tare da ya sani ba. In aka yi haka, sai ya fara tunanin ko cewa ake ya kasa."

Ta ce ai wasa ne. Ya ce to, in wasa ne me ya sa ranta ya ɓaci. Ta tashi ta shiga madafa.

Washegarin kasuwar Mai'adua aka yi sallama a ƙofar gida. Kalilu ne, ya zo da kansa. Barakatu ta san muryarsa amma ba ta taɓa ganinsa ba. Malam Yazid ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ita kuma ta sako hijabi ta fito. Suka gaisa, ya tambayi gwiwa, ta tambayi kasuwa. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu kafin ya shiga maganar.

Ya ce, "Malama, ni ba ƙara na kawo ba. Kowa ya san da zuciya ɗaya kika yi. Amma mai gonar nan ni na sa ta a rukuni, kuma ban ji daɗin yadda ta fita ba."

"Mace ce?"

"Maman Ikenna ce, matar Oga Okafor mai kayan gyaran babur."

Barakatu ta san ta sarai. Nneamaka sunanta, fiye da shekara talatin suna Daura ita da mijinta, tana da shagon kayan masarufi a jikin nasa. Barakatu ce ta ɗiga wa 'ya'yanta uku rigakafi, kuma a shagonta take sayen sabulu da gishiri lokacin da ƙafa ke kai ta. Mace ce mai zafin nama, wadda ke sallamar mutum uku a lokaci guda.

Ta ce, "Maman Ikenna ba malalaciya ba ce. Me ya same ta?"

Kalilu ya ce, "Wannan ba ni ya kamata in faɗa ba. Amma da za ki je ki gaishe ta, da ya yi kyau."

Ta je washegari da hantsi a keke-napep, da ƙwan zabi a cikin ƙwarya. Shagon kayan masarufin a rufe yake, ƙura ta kwanta a kan kwaɗon. Okafor ya taso daga cikin nasa shagon yana goge baƙin mai a hannu, ya gaishe ta da girmamawa, ya kai ta gidan da ke baya.

Nneamaka na zaune a kujera kusa da taga. Ta rame. Gefen bakinta na dama ya ɗan sauka, hannunta na dama kuma a kan cinya, yatsun a tanƙware. Barakatu ba ta buƙaci a faɗa mata ba, ta ga irin wannan da yawa. Hawan jini ne ya kayar da ita wata biyar da suka wuce, ɓarin jiki ya shanye. Ƙafa ta fara dawowa, magana ma ta dawo amma a hankali. Hannun ne ya ƙi.

Suka gaisa. Barakatu ta lura matashin da ke bayan Nneamaka ya zame, kafin ta ankara har ta miƙa hannu ta gyara shi. Nneamaka ta kalle ta, ta kalli matashin. Okafor ya kawo ruwa a kofi, ya kai bakin matarsa. Ta kawar da kai, ta ce masa ya koma shago, akwai masu jira. Ya tsaya jim kaɗan, sannan ya fita.

Barakatu ta ce, "Maman Ikenna, ni ce mai shiga gonarki. Ban san ke ba ce. Na zo ba ki haƙuri."

"Na sani ke ce, Malama. Muryarki ba ta ɓuya." Tana magana tana hutawa tsakanin kalmomi. "Lalaci kika ce."

"Na faɗa. Ban kyauta ba."

"Ba ita ta fi yi mini zafi ba." Ta ɗaga hannun hagu ta nuna ƙofar da mijinta ya fita. "Kin gan shi? Mutumin kirki ne. Shi ke ba ni abinci a baki. Ƙanwata ta zo daga gida, ita ke yi mini wanka, ita ke ɗaura mini zane. Matan coci suna zuwa su yi girki. In na miƙa hannu zan ɗauki cokali, kafin in kai an miƙo mini. Duk suna sona. Wata biyar ban gama komai da kaina ba."

Ta kalli hannunta na dama, ta ci gaba.

"Likitan gashin ƙashi ya ce in riƙa sa yatsun nan aiki. Kalilu ya zo sayen kaya, ya nuna wa Oga wasan. Da wannan hannun nake yi, ba da na hagu ba. Layi ɗaya yakan ɗauke ni minti goma sha biyar. In na gaji in bar rabi, in ce gobe zan ƙarasa. Da wannan nake kwana, cewa gobe ina da aiki. Sai in tashi in tarar an yi mini."

Barakatu ta sunkuyar da kai. Ta tuna safiyoyi goma sha biyu da ta yi tana jin daɗin kanta.

Ta ce, "Da kin faɗa mini."

"Na faɗa. Kalma huɗun nan, kin san tsawon lokacin da na ɗauka ina rubuta su?"

Nneamaka ta jawo wayar da hannun hagu ta ɗora a kan wani faranti da ke cinyarta, ta buɗe wasan. Ko bayan ta fita daga rukuni ba ta daina ba. Ta ɗauko hannun dama da na hagu ta aza shi a gefen wayar, ta fara. Yatsan ya yi rawa, ya sauka a inda ba nan take nufi ba. Ta ɗaga, ta sake. Ya zame. A karo na huɗu masara ɗaya ta faɗa rumbu.

Barakatu na zaune tana kallo. Tana ganin hanyar da ta fi sauƙi, da za a juya wayar a kwance da yatsan bai yi nisan tafiya ba. Maganar ta zo mata har baki. Ta cusa hannayenta biyu a ƙarƙashin hijabi ta riƙe ɗaya da ɗaya. A da ta sha zama a ƙofar gidajen mutane wuni guda ba ta gaji ba, amma wannan kwata ɗin awa ya fi mata tsawo. Da layin ya ƙare, goshin Nneamaka ya yi gumi. Ta jingina ta rufe ido.

Can Barakatu ta ce, "Akwai abin da na lura da shi game da riƙon wayar. In kina so in faɗa, in ba kya so in bari."

Nneamaka ta buɗe ido ɗaya. "Ba yau ba."

"To."

Ta koma gida ba ta taɓa wayarta ba sai washegari. Da ta koma wasan kuma, sai ta koma wani mutum daban. Ta daina shiga gonar kowa. Ta yi tata ta fita. Telan nan ya tambaya a zaure ko Malama ba ta da lafiya ne, ta ce lafiya lau. A ranta ta yanke cewa tun da hannunta ba ya sanin iyaka, gara ta ɗaure shi gaba ɗaya.

Ana haka wata sabuwa ta shigo rukunin, Lami, malamar firamare a Baure. Barakatu ta ga gonarta ta san ba ta gane kan wasan ba. Tana sayar da irin da ya kamata ta shuka, rumbunta ya cika ba ta san yadda ake faɗaɗa shi ba. Sau uku Barakatu ta buɗe wurin rubuta saƙo ta rufe. Bayan mako guda Lami ta aiko da murya a zaure, ta ce za ta fita, ita ta ɗauka rukuni wurin taimakon juna ne, amma tun da ta zo ko sannu ba wanda ya ce mata, ita kuma kunya ta hana ta tambaya a gaban mutane talatin.

Wannan ya dame ta fiye da yadda ta zata. Ta yi ta juya abin a ranta tana tsince wake a faranti. Ga wadda aka taimaka wa ta gudu, ga wadda aka ƙyale tana shirin gudu. Ta tuna matar nan mai naƙuda. Har gobe ba ta yi nadamar tsayar da motar hatsi ba, kuma da za a mayar da ita gindin dalbejiyar nan da ta sake zama. Amma a can rai ne a gaba, in ta jira izini wani zai gurgunce ko ya mutu. A nan kuwa ba abin da zai mutu. Masarar waya ko ta bushe, gobe za a sake shukawa. Abin da mutum ke nema a wasan shi ne ya yi da kansa, kuma daidai wannan abin ne take ɗauke wa mutane tana jiran godiya. Ta kuma yarda da wani abu da ba ta so yarda da shi ba: rabin zagayen da take yi da safe don kanta take yi, don ta ji har yanzu akwai inda ake buƙatarta.

Ta ajiye farantin ta nemi lambar Lami a wurin Kalilu, ta aika mata ita kaɗai, ba a zaure ba.

Ta ce, "Malama Lami, sunana Barakatu, ni ce mai gonar Dutsi. Mun yi laifi da ba mu yi miki maraba ba. Na daɗe a wasan nan. In akwai inda ya shige miki duhu, ki tambaye ni, ba wanda zai ji. In kuma kin fi so ki gano da kanki, shi ma daidai ne, ba zan ƙara magana ba."

Lami ta amsa kafin minti biyar, da tambayoyi shida. Barakatu ta amsa shidan, ta kuma danne ta bakwai da ta takwas da ba a tambaye ta ba. Ba ta shiga gonar ba. Ta bar ta ta faɗaɗa rumbunta da hannunta, ko da yake sai da ta yi kuskure sau biyu.

Kalilu ya so a rubuta doka a manna a saman zaure. Aka yi kwana biyu ana muhawara. Telan ya ce shi a shiga gonarsa ko yaushe, ba ya son a riƙa tambayarsa, tambayar ma gajiyar da shi take. Wata ta ce ita ko tambayar ba ta so, domin in an tambaye ta ba ta iya cewa a'a. A ƙarshe ba a rubuta komai ba, sai dai kowa ya faɗi yadda yake so a yi da shi, Barakatu kuma ta riƙe a ka, kamar yadda ta taɓa riƙe gidan da ake shiga kai tsaye da gidan da sai an nemi maigida. Ba kullum take dacewa ba. Ranar nan ma ta ba wani nasiha a kan kiwon shanu, ya ce mata shekara biyu ya riga ta fara wasan.

Maman Ikenna ba ta dawo rukunin ba. Barakatu ta ci gaba da zuwa gaishe ta duk ranar Talata, su zauna kusa da taga, kowa da wayarta, kowa da gonarta. Sai a zuwa na biyar Nneamaka ta ce, "Abin nan da kika ce kin lura da shi, faɗa mini." Ta faɗa. Nneamaka ta gwada kwana biyu ta ce bai yi mata ba, ta koma yadda ta saba. Hannun ya ɗan saki, har tana iya riƙe cokali, amma bai dawo kamar da ba. A watan Disamba ita da Okafor suka tafi garinsu Kirsimeti, 'yarta ta riƙe ta a can don ta ci gaba da ganin likita. Okafor ya dawo shi kaɗai. Yanzu sai saƙon murya, wani lokaci sau biyu a mako, wani lokaci a yi wata ba a ji juna ba.

Barakatu na nan tana wasanta. Da damina ta bana wasan ya kawo wani sabon mataki, na haƙa rijiya da jan ruwa zuwa fili, ta maƙale a ciki. Kwana tara tana gwadawa, ruwan na tsayawa a rabin hanya. Duk rukunin suna ganin gonarta ta tsaya cik, ba kuma wanda ya ce uffan, domin ita ba ta taɓa faɗin yadda take so a yi da ita ba, su kuma suna ganin girmanta. Sai a lokacin ta lura cewa a shekara sittin da ɗaya da ta yi a duniya, ba ta iya tuna ranar da ta buɗe baki ta ce wa wani ya taimake ta.

A rana ta goma, bayan Malam Yazid ya fita gona, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta danna lambar Lami, wadda ta wuce matakin tun makon jiya. Saƙon farko ta yi shi da dogon bayani a kan cewa sabis ne ba shi da kyau, ta goge. Na biyu ya fito kamar umarni, ta goge. A na uku ta ce, "Malama Lami, ina kwana. Rijiyar nan ta gagare ni. In kin samu sarari ki nuna mini."

Ta aika, ta kife wayar a kan tabarma, ta tashi ta je ta kwashe shanya saboda hadari ya taso ta gabas.